Wuta a Inuwar Tanki

A shekarar da gyaɗa ta mutu a ƙasar Damagaram, mijina ne mai tsaron abin da ya fi kowa ƙiba a garin. Ba zan kama sunansa ba, da tarbiyyata. Mutanen luzin suna ce masa Mai Tanki, ni ma haka zan ce. Luzin ɗin masana'antar matsar man gyaɗa ce, can bayan unguwar Kara-Kara, kuma tun da fari ya zarce shekara injinansa suka yi shiru. Ma'aikata suka watse, darekta ya tafi Yamai jinyar ciwon da ba wanda ya san sunansa, aka bar mijina da tarin makullai da tanki guda cike da gaz.

Gaz ɗin nan ruwa ne muddin yana cikin tanki. In ya sami hanya ya fito sai ya zama iska, in iskar ta gamu da wuta kuwa sai dai mutanen wani gari su ba da labarinku. Tankin dogo ne, fari fat, kwance a kan ƙafafun siminti, mutum yana wucewa ta ƙarƙashinsa ba sai ya sunkuya sosai ba. A gadon bayansa akwai wani ɗan ƙarfe kamar bakin buta, shi ake kira supap. Aikinsa ɗaya ne: in cikin tanki ya ɗauki zafi ya cika da iska, ya buɗe ya rage ta kafin ƙarfen ya yage.

Mijina ya riƙe tankin nan da irin amanar da ba ta barin kowa ya huta. Ya hana ni turara masa riga. Ya kori mai tsire daga bakin hanya. In jaki ya yi tuntuɓe kofatonsa ya gogi dutse, sai ya bi shi da harara har ya ɓace. Ina ganin abin ya yi yawa, amma ban cika musu ba, don na taɓa ganin ƙaramar kwalbar gaz ta fashe a Zango, ta ɗauke rufin shago ta kai wa maƙwabta.

Sai yunwa ta fara koro mutanen ƙauye. Itatuwan bayan gari an riga an gama da su, ganye ga dabba, icce ga murhu, ko gawo bai tsira ba. Daga Kara-Kara har duwatsu babu inuwa ko ta tafin hannu sai ta tankin mijina. Shingen waya na luzin kuwa tuni ya tafi, kowa ya yanki abin ɗaure ƙofa. Wata safiya ya je aiki ya tarar da rabin ƙauyen Garagumsa zaune a wurin, da awakinsu da turamensu, mata sun kafa duwatsun murhu suna hura wuta daidai ƙarƙashin cikin tanki, inda inuwar ta fi sanyi.

Ya buɗe baki zai kore su, sai wata mata ta ɗago daga bakin murhu ta dube shi.

"Suma'ila, haka ake gaisuwa a birni?"

Ita ta kama sunan, ba ni ba. Yaya Barira ce, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi da uwarsu ta rasu, ita ta yaye shi da kunun hannunta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, idonsa ɗaya a kanta ɗaya a kan harshen wutar da ke lasar iska ƙasa da tarin gaz ɗin nan.

Mun yi mun yi ta dawo gidanmu, ta ƙi. Mijinta ya yi kudu neman abinci ba labari, ita ke riƙe da uwarsa tsohuwa da jikoki da maƙwabta. Ta ce wadda ta fito da gari ba ta shiga ɗaki ta bar gari a waje. Na koma aika mata tuwo, nan ma ta fi ƙarfina. Yaya ba ta mayar da kwano wayam, ko da sama za ta faɗo. Ranar farko kwanon ya dawo da kuka, washegari da daddawa, bayan nan da ludayinta, sannan da zoben azurfa na tsohuwa. Na lura in na ci gaba da ciyar da ita zan raba ta da zanen jikinta, sai na dakata. Na ji haushinta ƙwarai, kuma na san da ni ce haka zan yi.

Tare da su akwai maigarinsu, Alkasum, dattijo mai gemu da son a saurare shi. Da rana ta take yakan shimfiɗa buzu a inuwar ya yi shari'ar wanda akuyarsa ta ci igiyar wani. To daidai lokacin ne zafin rana da na murhu suke haɗuwa, supap ya ɗan buɗe ya ja wani dogon tsaki. Maigari zai ce, "Hukuncina shi ne," sai tanki ya yi masa tsaki a gaban talakawansa. Ya daure, ya daure, ran nan ya sa aka hau aka toshe bakin da tsumma aka liƙe da ƙaro. Da mijina ya tambaye shi dalili, ya ce na ɗaya rashin kunya, na biyu kuma a shekara irin wannan ba a barin komai yana zuba, ko iska ce.

Mijina ya hau ƙarfen nan da tsakar rana ba takalmi ya ɓamɓare ƙaron da farce. Ya sauko da tafin ƙafa duk bororo, ya ɗingisa har gidan waya ya kira Yamai. Ya ce a turo kamiyo, babbar motar kaya, a kwashe gaz, aka ce duk kamiyon ƙasar nan yana dakon dawar agaji. Ya ce to a ba shi izini ya sake shi a iska, aka tuna masa abin da shi ma ya sani, cewa iskar gaz ba ta tashi sama, rarrafe take yi a ƙasa tana neman murhu, za ta shiga Kara-Kara gida-gida. Ya ce a turo jandarma su tashi mutane. Jandarma suka zo su biyu, suka dubi mutane, suka dubi rana, suka nemi a matsa musu suka zauna. Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne a sauya supap, a sa wanda zai iya da gobara. Don haka aka turo Mushe Tahiru, mushe irin na Faransanci da ake ce wa ɗan boko, ba na dabba ba.

Mushe Tahiru injiniya ne, saurayi siriri mai ladabi, asalinsa ɗan Gidimuni, karatu ya kai shi har bayan teku ya dawo da shi da tabarau. A gidanmu ya sauka. Ya ci tuwona ya yaba, don haka na yarda da iliminsa. Da na tambaye shi me ya hana a cire ƙaramin bakin a sa babba a huta, sai ya nemi tukunyata da marfinta.

"Inna Wasila, supap ɗin da ke kai don zafin rana aka yi shi, ba don wuta ba. In wuta ta kama ƙarƙashin tanki, ruwan ciki zai tafasa kamar na tukunyar nan. Dole iska ta fita da saurin da take taruwa. In bakin ya yi kaɗan, tanki ya yage. In ya yi yawa, ya dinga buɗewa yana rufewa yana karo da kansa har ya lalace, ya ƙi rufuwa sam. Sai na san faɗin cikin da wuta za ta lasa, wurin da ruwa yake kwance, sai na san girman wutar, sannan in san girman bakin."

Na ce ashe ɗinki ne, sai an auna. Ya ce ɗinki ne.

Sai dai ba a sami abin awo ba. Rijiyoyi suna ta nutsewa a lokacin, duk abin da ya yi kama da igiya a garin nan an ƙulla shi a jikin guga. Metir ɗin Mushe Tahiru, doguwar igiyar awonsa, bai kwana biyu a Damagaram ba wata jikar maigari ta are shi, ya tafi rijiya bai dawo ba. Sai mijina ya zaro kara daga jikin zana, Mushe ya gwada shi da ƴar rular da ke aljihunsa ya karye shi daidai. Suka je suka shimfiɗa karan a jikin tanki, daga kai suna bi zuwa ƙafa, fuskokinsu ba annuri, suna magana ƙasa-ƙasa.

A ƙasarmu abu ɗaya ake aunawa da kara daga kai zuwa ƙafa, shi ne wanda za a haƙa wa kabari. Tsohuwar Yaya ce ta fara salati. Kafin la'asar labari ya shiga Birni cewa an yi rasuwa a luzin, babba ce, har an yi awo. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai ga mata suna shigowa layi-layi suna yi mini sannu da haƙuri. Na ce wa ya mutu, suka ce ai wanda Mai Tanki yake jinya. Wata har ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa hana kowa inuwa ba.

Kada ku ɗauka mutanen Damagaram wawaye ne. Mafi yawansu sun san sarai ƙarfe ne. Amma inda ake zaman makoki akwai sadaka, kuma a shekarar nan ba wanda yake ɗaga mayafi ya duba fuskar mamaci. Wani attajiri a Birni ya ji ana ta zuwa gaisuwa shi bai je ba, ya ji kunya, ya aiko da buhun gero na sadakar uku. Kishiyar kasuwarsa ya ji, ya aiko da biyu. Ina za a dafa sadaka in ba wurin mamaci ba? Murhu ya ninka. Waɗanda ba su da wuri a inuwa suka kafa bukkokin zana kewaye da ita. Mushe Tahiru ya tsaya a gefe da fensir a bayan kunne yana ƙirga hayaƙi, ya gama ya yage lissafin da ya kwana biyu yana yi.

Ya je ya sami maigari da ladabi ya bayyana masa cewa ba wanda ya mutu tukuna, ana awo ne don kada a mutu. Maigari ya ce ya gane, amma an riga an sa ranar bakwai, ba shi zai tashi ya ce wa attajirai su riƙe geronsu ba. Ya ƙara da cewa shi wannan babban baki da ake son sawa bai kwanta masa ba. Wanda ya tanadi ƙofa don gobara ai ya aika mata goron gayyata ke nan, ƙaramin baki shi ne tawakkali. Mushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Maigari ya ce haka ne, amma shi bai ga wanda zai yi tafiya ba, kowa a nan zaune yake.

A cikin wannan muhawara ne Mushe Tahiru ya yi kuskuren faɗin gaskiya fiye da kima. Ya ce a ƙasashen da ya yi karatu akan yi wa tanki rufi mai kauri wanda zafi ba ya ratsawa, in an yi haka ƙaramin supap ma ya isa. Maigari ya ce ai da ya faɗa tun farko. Da laka suka so yaɓe shi, magina ma sun zo, sai aka rasa ruwan kwaɓi. Washegari Mushe da mijina suka tarar an lulluɓe tanki tun daga kai har ƙafa da zana da tsofaffin tabarmi da buhunan sadaka, an ɗaure tam da igiyar kaba, busassu ƙayau. Mutane suna tsaye suna jiran godiya. Mushe ya cire tabarau ya zauna a ƙasa. Mijina ya ce mini bai taɓa ganin mai ilimi ya zauna a ƙasa da irin wannan natsuwa ba.

Lissafin ranar ya ba da supap wanda ya fi wuyan tankin kansa faɗi. Yamai suka ce irin wannan sai an yo shi daga bayan teku, a jirgin ruwa, kuma maƙeran can ba sa hura zuga sai an ba su lamba ɗaya wadda ba ta motsi. Lambarmu kuwa motsi take kamar farashin hatsi. Don haka duk Juma'a bayan masallaci mijina da Mushe suke zagaye tanki, wannan yana ƙirga murhu, wancan yana ƙirga zana, su je gidan waya su faɗa, a ce musu su sake kira in ta tsaya.

Mijina ya rame. Ba yunwa ba ce, muna da ɗan abin da muke lallaɓawa, buhun dawa ɗaya da muka yi niyyar ya kai mu damina. Tsoro ne yake cinsa. In aka sauke tukunya da ƙarfi sai ya zabura. Murhun Yaya Barira shi ne daidai tsakiyar cikin tanki, don ita ta fara zuwa ta zaɓi wuri mafi kyau, kuma duk lissafin da Mushe ya yi, a kanta wutar take farawa. Ran nan na raka shi, ya durƙusa a gabanta yadda ya saba.

"Yaya, ban ce ki tashi ba, na san ba za ki tashi ba. Wutar kawai nake roƙo. Ku kai ta bayan duwatsu, ku dafa can ku kawo nan ku ci. In ke kika yi, sauran mata za su bi."

Ta ce bayan duwatsu rana ce tsagwaronta, kuma tsohuwa ba ta yarda a dafa abinci inda ba ta ganin tukunya.

"In abin nan ya tashi, ko abin da zan wanke in binne ba zan samu ba."

"Rana yau take kisa, ɗan'uwana. Tankinka sai wata rana."

Ya yi kuka a gaban mata da yara, babban mutum mai riƙe da makullan luzin. Ita kuwa ta ci gaba da tuƙa tuwonta ba ta ɗago ba, sai dai na ga muciyar ta tsaya sau ɗaya. Na tausaya masa har cikin raina, kuma da ba yayar miji ba ce da na gaya mata magana.

Daga nan al'amura suka fara gyaruwa, ko in ce haka muka gani. Awaki ne suka fara taimakon hukuma. Da suka rasa abin ci sai suka kama rigar tanki, suka cinye ta daga ƙasa, suka hau kan juna suka ci ta sama, har igiyar kaba ba su bari ba. Suka juya kan bukkoki. Masu bukka da kansu suka dinga zare zana suna ba su. Mushe ya ce akuya ɗaya ta fi jandarma biyu amfani. Arba'in ɗin tanki ya zo ya wuce, attajirai suka ga sun sauke nauyi, buhu ya daina zuwa. Bayan ɗan lokaci awakin ma suka daina kuka, muka ɗauka kasuwa aka kai su, wasu kam kasuwar aka kai.

Murhu ma ya fara raguwa. Wata Juma'a mijina ya dawo da sauri har hularsa ta karkace, ya ce Yaya ta kashe wutarta. Ta gaya masa mata sun yi shawara sun koma dafuwa bayan duwatsu kamar yadda ya roƙa. Ya ce ya san ba za ta kunyata shi ba, ita ce fa ta goya shi. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Kowace Juma'a lambar tana sauka, supap ɗin da za a yo daga bayan teku yana ƙanƙancewa, daga faɗin turmi ya koma faɗin akushi, ya koma na ludayi. A gidan waya har an san su, ana yi musu barka.

Ranar da suka zagaya ba su sami hayaƙi ko ɗaya ba, ba zana, ba kara, ƙasa fes kamar an share don salla, Mushe Tahiru ya zauna a zaurenmu ya yi lissafi, ya sake, ya ce tsohon supap ya isa. Babu abin da zai ci wuta a wurin, don haka babu gobarar da za a auna. Yamai suka yi murna ƙwarai, suka soke saƙon bayan teku, suka ce za a rubuta wa Mai Tanki takardar yabo saboda iya tafiyar da jama'a.

Washegari da hantsi ya sa babbar riga ya ce mu je mu yi wa Yaya godiya, Mushe ma ya biyo mu. Muka tarar da su kwance a inuwa, shiru, ko yara ba sa guje-guje. Maigari yana kan buzunsa ba shari'a. Yaya ta tashi zaune da ƙyar ta gyara ɗaurin kallabi, ta karɓi godiya yadda ya kamata, ta ce ba komai, yi wa kai ne.

To mijina ba ya barin abu rabi. Ya ce bari ya leƙa sabon wurin dafuwar ya tabbata nisan ya isa, kada iska ta kwaso tartsatsi. Yaya ta ce rana ta yi zafi, ya bari sai wani lokaci. Ya ce yanzu zai dawo. Na bi shi. Muka zagaya bayan duwatsu, muka duba wannan lungu, muka duba wancan. Babu toka, babu baƙin hayaƙi a jikin dutse, babu sawun ƙafa. Ya tsaya yana waige-waige kamar wanda aka yi wa kwatancen gida ba daidai ba, har yana cewa ko duwatsun gabas take nufi. Ni kuwa tun a inuwa na ga tukwanensu a kife, ƙasa ta taru a gindinsu. Ya dube ni, ya ga fuskata, sai ya daina waige-waige.

Muka dawo. Ya durƙusa a gaban Yaya.

"Yaya, tun yaushe?"

"Kai ka ce a kashe wuta. Mun kashe."

"Tun yaushe, Yaya?"

Ta dubi gefe ta ce a bar tone-tone, ga baƙo a tsaye. Ta ce tun da dai wutar za ta mutu da kanta, gara ta mutu a kan roƙonsa, ya samu ya yi barci.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba. Mun yi makonni muna murna, muna zuwa gidan waya ana yi mana barka, ashe yunwar mutane muke ƙirgawa.

Mijina ya tashi ya nufi gari. Da ya dawo, buhun dawarmu ne a kansa, a kan babbar rigar. Ya sauke, ya shiga luzin da makullansa, muka ji ƙarar duka, ya fito da ƙyauren biron darekta, ofishinsa ke nan, a kafaɗa, na katako mai kyau, ya sa gatari ya faskara shi. Yaya tana kallonsa. Ta ce in kyauta ce ya mayar, ba ta da abin da za ta sa a buhun in ya koma.

"Ba kyauta ba ce, Yaya, aikin luzin ne. An ce tsohon supap ya isa, amma ba a gwada ba. Dole a hura wuta a ga ko zai buɗe. Wuta kuma ba a hura ta ba tukunya, almubazzaranci ne."

Ta juya ga Mushe Tahiru, don ta san ƙanenta tun yana tsumma, ta san ƙaryarsa. Mushe ya gyara tabarau, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya ce gaskiya ne, ƙa'ida ce ta aikin. Ya ce gwajin ba ya inganta sai an yi shi safe da yamma, a murhu da yawa, har sai hukuma ta gamsu, kuma hukuma ba ta saurin gamsuwa. Ya ce shi ma akwai rabon hatsinsa na ma'aikaci da zai sa a cikin kayan gwaji. Ya nuna wani wuri can gefen inuwa, inda iska ke kaɗa harshen wuta waje, ya ce ilimi ya nuna a nan ake farawa. Maigari daga kan buzunsa ya ce shi dama bai taɓa jayayya da ilimi ba.

Yaya ta daɗe tana duban buhun.

"To, in don aikinka ne."

Mata suka tashi, masu iya tashi. Muka surfa, muka daka, ni da su. Yaya ta ce ba wanda zai kafa mata murhu tana raye. Ta ja jiki ta jera duwatsunta uku, ta juyo tukunya ta kakkaɓe ta ɗora, ta shirya faskaren ƙyauren darekta yadda take so. Mushe ya ƙyasta ashana ya miƙa mata. Wutar ta kama ɗan tsumman da ta sa, tana neman mutuwa. Ta sunkuya ta hura, tokar tsumman ko motsi ba ta yi ba. Ta huta, ta sake hurawa, sai tari.

Mijina ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa kusa da ita, ya kai fuskarsa har ƙasa ya hura mata. Ya yi ta hurawa har katakon ya kama, hayaƙi yana shiga idonsa, bai kau da kai ba. Yaya ta ɗora hannu a ƙeyarsa ta ce ya isa haka, ya matsa kada ya ƙona gemu.